Daino bai yi maka ƙarya ba, kulocin ne ba ka taɓa ba

Ka ce mai babur ɗin ƙanƙarar nan, Polaris 800, ya dawo yana ta faɗa. An faɗaɗa masa ƙofofin silinda, an sa sabuwar salansa, mun ɗora injin a daino, na'urar gwada ƙarfin inji, ya tashi daga ƙarfin doki 138 zuwa 149, amma da ya hau tafkin da ya daskare ranar Asabar, abokinsa mai irin babur ɗin ƙanƙararsa, wanda ko sukuru ɗaya ba a kwance masa ba, ya bar shi a baya. Shi ne kake tambaya ta: "Maigida, ko dai dainon ne ke ƙarya? Ko mu rage jet, mu ƙara taimin, a samo wasu dawakan?"

To ɗana, jet ɗin nan, wato ƙaramar kafar da mai ke bi a kabureta, kar ka kuskura ka taɓa shi tukuna, zan zo kansa. Fara ɗauko takardar da daino ya buga mana, ka shimfiɗa ta a kan benci.

Daino ba ya auna doki. Namu na ruwa ne: farfela ce a cikin tukunyar ƙarfe, kirankishaf yana juya ta, ruwan da ke ciki yana hana ta. Ita tukunyar tana son ta bi juyin, sai hannun da ke jikinta ya danne ma'auni. Abu biyu kaɗai na'urar ta sani, ƙarfin murɗa da yawan juyi a minti. Dokin lissafi ne kwamfuta ke yi: a ninka murɗa da juyi, a raba da 5252, in da fam da ƙafa ake awo kamar yadda ake yi a nan Minesota. Injin nan ya ba da murɗa 94 a juyi 8,300. Buga a wayarka, za ka ga 149 ɗin da ka yi ta murna da shi.

Yanzu ɗaga yatsanka sama zuwa layin 7,900. Nawa ka gani? 136. Kafin mu taɓa shi, a wannan layin 138 yake bayarwa. Wato ƙarfin da muka ƙara yana can sama, a inda babur ɗin bai taɓa zuwa ba ranar Asabar, don kulocinsa har yanzu na kamfani ne, kuma kamfani ya saita shi ya riƙe inji a wajen 7,900. Mutumin ya biya kuɗin doki goma sha ɗaya, mun sallame shi da giɓin biyu. Yana da gaskiyar faɗa.

Me ya matsar da ƙarfin sama? Salansar. A inji mai bugu biyu, wannan tulun ƙarfen ba don rage ƙara kawai aka yi shi ba, rabin injin ne. Idan fistan ya buɗe ƙofar hayaƙi, bugun iska yana fita da gudun sauti. Inda tulun ya buɗe, yana zuƙo hayaƙin da ya saura, har ya jawo sabon mai da iska su biyo shi waje. Inda ya tsuke a ƙarshe kuma, bugun yana dawowa ya tura wannan sabon man cikin silinda daidai lokacin da fistan zai rufe ƙofa. In ya dawo da wuri, ko ya makara, an yi asara. Kamar kakaki take, tsawonta ne ke yanke muryar da za ta fitar. Wadda muka sa ta fi ta kamfani gajarta, kuma mun ɗaga rufin ƙofar hayaƙi, saboda haka sai a juyi mai yawa bugun ke dawowa a kan kari. Wani Bajamushe, Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, shi ya gwanance a wannan dabara. A 1961 mahayinsa Ernst Degner ya tsere zuwa yamma ya koma Suzuki, shekara ta zagayo ya ci musu kambun duniya a ajin 50cc. Duk wata salansa mai ciki da ka gani a tsohon babur mai cin tuti, daga wannan dabarar ta samo asali.

Akwai abin da takardar ba za ta gaya maka ba sai ka tsaya kusa da injin: gudun sauti yana ƙaruwa da zafi. Salansa mai sanyi tana ba da ƙarfinta a ƙasa, in ta ɗau zafi sai ƙololuwar ta haura da juyi ɗari biyu ko uku. Shi ya sa nake hana ka ja injin sau ɗaya a daino ka kashe. Ja na farko da na huɗu ba inji ɗaya ba ne. Ka riƙa farawa da zafin ruwa iri ɗaya da zafin salansa iri ɗaya kowane ja, in ba haka ba kana gwada zafi ne kana zaton kana gwada gyara.

Sai kuloci. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giyar da za ka sa da ƙafa. Kuloci biyu ne da bel a tsakani. Na gaba yana kan kirankishaf, da ƙarafan nauyi uku da sifirin a cikinsa. Juyi na ƙaruwa, ƙarafan na buɗewa suna matse bel yana hawa sama. Na baya yana da nasa sifirin da karkataccen ƙarfen da ke jin nauyin da sarƙar robar da babur ke tafiya a kanta ke ja. Aikinsu duka guda ne: mahayi ya danne totur da babban yatsa, allurar juyi ta tashi ta tsaya cak a wuri ɗaya, gudu yana ta ƙaruwa ita tana nan. Wurin da ta tsaya, mu ke zaɓa, kuma daino ne ke gaya mana inda za mu zaɓa. Amfaninsa na farko ke nan, kafin a zo maganar lambar da ake nuna wa abokai.

Ƙarfe mai nauyi yana danne juyi, marar nauyi yana sakinsa. A irin wannan kulocin, giram ɗaya a kowane ƙarfe yakan motsa allura da wajen ɗari, wani lokaci fiye. Muna neman ɗari huɗu, amma kar ka cire giram huɗu lokaci guda ka ce ka gama. Sauka da biyu, a gwada, a duba. Ka kuma lura da yadda layin ya faɗi bayan 8,500, kamar an yanke shi da wuƙa. Wanda ya wuce ƙololuwa da ɗari uku ya fi wanda bai kai ta da ɗari uku ba asara, kuma kunnensa zai yaudare shi, don ihun injin ya fi daɗin ji. Ni a wannan injin 8,200 zan nema da farko, ta haura 8,300 in salansa ta yi zafi. Kafin komai ma, duba bel ɗin. In ya cinye a gefe ko ya yi santsi yana ƙyalli, duk saitin da ka yi a kansa na banza ne. Ko da komai lafiya, kusan rabin abin da kirankishaf ya bayar ne ke isa ƙasa, sauran bel da sarƙa da dusar ƙanƙara sun raba.

Yanzu jet. Na san abin da ya sa ka kawo maganar: ka ga da muka sauka mataki ɗaya a daino doki ya ƙaru. Haka yake, inji mai bugu biyu ya fi ƙarfi dab da inda zai kashe kansa. Amma a wace iska muka gwada? Ɗakin nan yana wajen digiri 20 na Selsiyas ranar. A kan tafki a watan Janairu ana samun 25 ƙasa da sifili ba tare da an yi mamaki ba. Iska mai wannan sanyin ta fi ta ɗakinmu kauri da kusan kashi 18 cikin ɗari. Kaburetar Mikuni ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta ƙara mai daidai da yadda iska ta ƙaru, sai wajen rabi. Jet ɗin da ya yi daidai a nan, a can yunwa injin zai ji. Ya danne totur mil guda a kan tafki, man da ke gefen silinda ya fara fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso, gefen fistan ta wajen ƙofar hayaƙi ya fara narkewa, ringi ya kama, inji ya buga. Ɗaga murfin babur ɗin ka ga jadawalin da kamfani ya liƙa: sanyi a layi ɗaya, tsayin wuri sama da teku a ɗayan, kowane gida da lambar jet ɗinsa. Injin da aka faɗaɗa ya fi na jadawalin shan iska, don haka daga sama muke farawa mu sauko, ba daga ƙasa ba. Tsayi kuma akasin sanyi ne. In ya ɗauke shi zuwa duwatsun Wayomin, duk ƙafa dubu da ya hau zai rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa, dole a rage jet a kuma rage nauyin kuloci. Sabbin injina masu allurar mai, irin E-TEC na Rotax da ke cikin Ski-Doo, kwamfuta ke yi musu wannan lissafin, amma kuloci ko a cikinsu hannu yake so.

A takardar akwai layin da yara ba sa kallo, na yawan fam ɗin man da inji ke sha a kan kowane doki a awa. Ga injin yawo da ke shan man gidan mai, ina son ganin 0.65 ko kusa. In ya gangara ƙasa da 0.60, wannan saitin 'yan tsere ne masu man tsere, waɗanda ke danne totur daƙiƙa kaɗan su saki. Ma'aunin zafin hayaƙi ma kar ka ba shi amana gaba ɗaya. Idan fashewar nan ta fara, zafin yakan shige jikin fistan da kan silinda, sai ka ga lamba ta sauka kana murna, alhali fistan ne ke cin wuta. Kwance fulogi, ka zura ƙaramar fitila ka leƙa saman fistan. Kusa da ƙofofin da mai ke shigowa ya kamata ka ga wuri wankakke, girman farcen babban yatsa, sauran kuma baƙi. In duk ya bushe ya yi baƙi har baki, mai ya yi kaɗan. In ka ga ɗigo-ɗigon toka a farin fulogi, alminiyon ne, daga fistan ya taso, kashe inji. Taimin kuwa, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, mun riga mun ƙara matsi da muka aske kan silinda, ba a haɗa biyun a rana ɗaya.

Zai iya ce maka wani shago ya yi masa alkawarin 155. Tambaye shi da wane ma'auni. Kowane daino yana gyara lambarsa zuwa wata iskar da aka amince da ita. Mu muna bin SAE J1349, mai ɗaukar iskar digiri 25. Wasu suna bin tsohon ma'auni mai iskar da ta fi sanyi da kauri, kuma lambarsu takan fi tamu da wajen kashi 4 cikin ɗari. A injin nan doki shida ke nan, ba tare da an ɗaga sifana ba. Abin da za ka iya rantsuwa a kansa shi ne kafin da bayan, a daino ɗaya, da mai ɗaya.

Gobe da safe ka wanke fuskokin kulocin biyu, ka sa sabon bel, ka mayar da jet mataki biyu sama da inda muka tsaya, ka sauke ƙarafan giram biyu. Mu tafi tafki da akwatin jet da ƙaramin sikeli. Kai za ka hau, idonka a kan allurar juyi, ba a kan ta gudu ba. Ka rubuta sanyin ranar a littafi kafin ka tayar. Shi kuma mai babur ka kira shi yau, ka ba shi haƙuri, ka ce aikin kuloci a kanmu yake, kuɗin bel kaɗai zai biya.