Me ya sa ruwa ba ya jiƙa ganyen gwaza?

Malama Hadiza, kin tambayi dalilin da ya sa ruwa ke dunƙulewa ya gangare daga ganyen gwaza, alhali atamfa tana shanye shi nan take.

Sirrin yana saman ganyen. Ido na ganinsa sumul, amma a madubin ƙara girma cike yake da ƙananan ƙuraje, kuma ƙwayoyin kaki, mai kama da kakin zuma, masu girman nanomita sun lulluɓe su. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Iska na maƙalewa tsakanin ƙurajen, sai ɗigon ruwa ya zauna a kansu bai taɓa ganyen sosai ba. Idan kusurwar da ɗigon ya yi da saman ganyen ta haura digiri 150, mirginawa yake yi, ya kwashe ƙura ya tafi da ita. Masana tsirrai Barthlott da Neinhuis na Jamus sun bayyana haka a 1997, kan ganyen lotus, wata shukar ruwa mai kama da bado.

Auduga kuwa tana jan ruwa, shi ya sa baba ke kama ta a marinar Ƙofar Mata.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne sola. Ƙurar hunturu na rage wutar da farantan sola ke bayarwa a Kano, kuma masana suna gwada shafa wa gilashin farantan abu mai korar ruwa irin na ganyen, don ruwa ya riƙa kwashe ƙurar.