Baffa, ga dalilin da ya sa ba ma taɓa ganyen daji a nan

Baffa, Allah ya ƙara girma. Kun ga hoton yara a dajin Bavariya kuka ce almubazzaranci ya yi yawa: itace zube yana ruɓewa, ganye har idon sawu, mu Hausawan Jamus kuma muna wucewa kamar ba mu taɓa neman makamashi a ƙauyukan Gumel ba. Wallahi shekarata ta farko hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Yanzu mai son itace a cikinmu ofishin gandun daji yake zuwa ya yanki takarda, a nuna masa inda zai ɗiba. Naman Sallah kuwa da gawayin kanti muke gasawa. Ganye dai ba mai taɓawa. Kakannin Jamusawa sun gwada kwashe shi, ɗaruruwan shekaru suna shimfiɗa wa shanu, har ƙasar daji ta gaji kamar gonar da ake kwashe mata kara da harawa duk kaka ba a kai mata taki.

Ƙasa numfashi take yi, kuma kun fi ni sanin bambancin jigawa da fadama. Inda ƙasar daji take sako-sako, iska na ratsa ta, akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani masu cinye iskar metan, ɗaya daga cikin masu ɗumama duniya. Da zarar babbar mota ta bi ta wurin yana da danshi, ta daddale shi kamar daɓe, ruwa ya kwanta, sai waɗannan su shaƙe. Wasu ƙwayoyin halittar kuma su farka su riƙa fitar da metan ɗin da wata iskar mai suna naitiros oksayid, wadda ta ninka iskar kabon wajen riƙe zafi sau kusan 270. Shi ya sa injinan sare itace suke da layukansu, mita 20 zuwa 40 tsakani, ba sa kaucewa. A wasu wuraren doki ne ke jan gungume, har yau.

A dajin Höglwald, kusa da Augsburg, masana sun shekara da shekaru suna auna iskar da ke fitowa daga ƙasa. Sun ga idan ƙasa ta daskare a hunturu sannan ta narke, naitiros oksayid na tasowa da yawa a ɗan lokaci, musamman da yake iska na kwaso sinadarin taki daga gonaki da garken dabbobi ta zuba wa dajin.

Kada ku ɗauka komai lafiya lau ne. Farin 2018 zuwa 2020 da ƙwaron ɓawon itace sun kashe itatuwa ba iyaka, har ƙidayar daji da gwamnati ta fitar a 2024 ta nuna tun 2017 dajin Jamus na sakin kabon fiye da wanda yake sha. Na bi ta duwatsun Harz na ga busassun itatuwa tsaitsaye, sai na tuna labarin farin 1973 da kuke ba mu.