Kabarin Mozart ba ya Salzburg, amma ki je Sankt Peter

Hajiya, kin tambaya ko cocin Sankt Peter da maƙabartarsa sun isa a ba su lokaci tunda wuni ɗaya za ki yi a Salzburg ta ƙasar Austria, kuma ko a nan Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan, yake kwance. Ba ya nan. A garin aka haife shi a 1756, amma a Vienna ya rasu a 1791, can aka binne shi. Ni ma da wannan zaton na fara zuwa, na yi ta bin kaburbura ina karanta sunaye har ƙafa ta gaji. Yayarsa Nannerl ce a maƙabartar Sankt Peter ɗin, wadda ta rasu a 1829, tare da Michael Haydn, ƙanen Joseph Haydn, su ma masu tsara kiɗa ne. In ba ki lura ba wuce su za ki yi, don suna daidai bakin matakalar da ake hawa zuwa kogunan da aka sassaƙa a jikin dutsen Mönchsberg.

Maƙabartar ce ta fi riƙe ni. Mu da muka saba da kabari tudun ƙasa kawai, sai ga kowanne da gicciyen ƙarfe aikin maƙera, da furanni, da kyandir cikin jar kwalba yana ci da rana tsaka. Na tarar da wata tsohuwa a durƙushe tana cire ciyawa a kan wani kabari, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shiga kyauta ne, kogunan ne ake biya kaɗan. Matakalarsu matsattsa ce, mai ciwon gwiwa ta haƙura.

Cocin na gidan sufayen Kirista ne, wanda wani bishop mai suna Rupert ya kafa tun shekarar 696, har yau suna ciki. Ginin cocin na ƙarni na 12 ne, a ƙarni na 18 aka lulluɓe cikinsa da adon barok: zane-zane har rufi, ruwan zinariya ko'ina. A ganina adon ya yi yawa, minti ashirin ya ishe ki. In da maigida za ku, ya cire hula a ƙofa.

Ki je da sassafe kafin ayarin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. In da sauran lokaci, ki ƙetara kogin Salzach zuwa maƙabartar Sankt Sebastian a titin Linzer Gasse. Mahaifin Mozart, Leopold, da matar Mozart ɗin, Constanze, a can suke.