Amsa ga mai tambaya kan ƙarin garanti a laftof ɗin da aka sabunta

Malam, na ga tambayarka: ka samu laftof ThinkPad T480 ta kamfanin Lenovo wadda aka gyara aka sabunta, mai sayarwa ya ba ka garantin kwana 90, sannan ya ce in ka ƙara kuɗi zai haɗa maka da na shekara biyu, kana neman shawara ko ka biya. Aikina kula da kwamfutocin ma'aikata ne, kuma akasarin waɗanda ke bi ta hannuna irin waɗannan ne, na hannu, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Kafin ka ce e ko a'a, ka tambaye shi abu guda: ranar da ta lalace, wa zai gyara? T480 fitowar 2018 ce. Garantin kamfanin da ya ƙera kwamfuta yawanci ba ya wuce shekara 3 zuwa 5 ko da an tsawaita shi, ke nan na Lenovo ya riga ya ƙare a kanta. Kana iya tabbatarwa da kanka, ka kwafi lambar siriyal da ke ƙarƙashinta ka sa a shafin Lenovo, zai nuna maka ranar da ya fara da ranar da ya ƙare. To wannan na shekara biyu da ake yi maka tayi, ko dai alkawarin mai sayarwar ne shi kansa, ko kuma takardar wani kamfani na daban mai sayar da irin wannan kariya. Ya sha bamban da abin da ake samu in an sayi wadda aka sabunta daga wanda ya ƙera ta. Apple, alal misali, yana ba da garantin shekara guda a kan wadda ya sabunta da kansa, daidai da sabuwa fil, kuma ana iya ƙara mata AppleCare+, wato ƙarin garantin Apple. Taka ba wannan ba ce, saboda haka darajar garantin tana rataye ne a kan amanar wanda ya sa hannu.

Ka ce ya ba ka takardar sharuɗɗan tun kafin ka biya. In ya ce sai bayan an biya, ka bar shi, kada ka yi cinikin biri a sama. In ya ba ka, kada ka ɓata lokaci a shafin farko inda aka jera abin da za su gyara, ka wuce kai tsaye inda aka rubuta abin da ba ruwansu da shi. A nan za ka tarar da batir, da caja, da faɗuwa, da zubar ruwa, da fashewar sikirin. Waɗannan kuwa su ne mafi yawan abin da ke kawo min kwamfuta kan tebur. Akwai wata ma'aikaciya da ta kawo min tata, faifan da ake goga yatsa ya taso sama har murfin ba ya rufuwa daidai. Na kwance bayan, sai ga batir ya kumbura ya cika tam, yana tura komai. Tana da takardar ƙarin garanti a jakarta, tana ta murna ba za ta kashe ko sisi ba. Kamfanin da ya sayar mata da takardar ya amsa da layi biyu, wai batir kayan ƙarewa ne, ba ya cikin yarjejeniya. Kuma ba ƙarya suka yi ba, yana nan a rubuce. Abin ya dame ni ƙwarai, don ta biya kuɗin ne saboda ta samu kwanciyar hankali.

Sai ka duba daga yaushe ake fara ƙirga shekara biyun. Wasu daga ranar saye suke farawa, wato kwana 90 da aka ba ka kyauta ma sun shiga lissafi. Ka duba ko akwai kason da kai za ka biya duk ranar da ka kai gyara, da wanda zai ɗauki nauyin aikawa da dawowa. Da yawa kuma sun ƙayyade cewa jimillar abin da za su kashe ba za ta wuce abin da ka sayi kwamfutar ba, da zarar an kai nan yarjejeniya ta ƙare. In daga wata ƙasa aka shigo da ita, ka tabbatar takardar tana aiki inda kake zaune.

Ra'ayina a kan taka kuwa, ban ga dalilin biya ba, sai in takardar ta ambaci madabod (babban faifan ciki da sauran sassa ke haɗe a jikinsa) ƙarara kuma ka san inda za ka sami mutumin bayan shekara guda. T480 na cikin masu sauƙin gyara. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, ramuka biyu ne, ana cirewa a sa wani. Ma'ajiyar bayanai ana canzawa, madannai ana canzawa, batir ɗin waje ma da hannu ake zare shi. Abin da za ka ba su, ajiye shi zai sayo maka yawancin waɗannan in buƙata ta taso. Da a ce MacBook ce, ko siraran nan da aka liƙe RAM a jikin madabod, da magana ta canza, don a can ƙaramar matsala kan ja a canza madabod ɗin gaba ɗaya, kuma a nan ne ƙarin garanti ke biyan kansa.

Kariyarka ta gaske ita ce kwana 90 ɗin nan, musamman makon farko. Kada ka lallaɓa ta, ka ba ta aiki sosai. Ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da ƙarfin da aka ƙera batir da shi da wanda yake iya riƙewa yanzu. T480 takan zo da batir biyu, na ciki da na waje, ka duba kowanne, don sau da yawa na wajen ake sabuntawa a bar na cikin a gajiye. Ka sa manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyar SSD, wato ma'ajiyar bayanai, da awannin da ta yi tana aiki. Ka cika sikirin da fari zalla, sannan baƙi zalla, ka nemi ɗigo ko tabo. Ka danna kowane maɓalli, ka gwada kowace kafa. Kafar USB-C da take caji ta nan ka ɗan motsa wayar a hankali, in caji na yankewa ka mayar da ita nan take, domin a jikin madabod take. Lenovo ya taɓa fitar da sabuntawa ta gaggawa ga manhajar Thunderbolt (fasahar da ke aiki ta ɗaya daga kafofin USB-C) a kan wannan samfurin, ka buɗe manhajar Lenovo Vantage ka tabbatar an saka ta.

Ka shiga BIOS ma, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko zai bar ka ka canza saiti. Irin waɗannan kwamfutoci daga ofisoshin manyan kamfanoni suke fitowa bayan haya ta ƙare, wani lokaci da kalmar sirrin mai kula a kansu, kuma babu garantin da ke cire maka wannan.

Ka turo mana lambar furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki. T480 akwai mai i5-7300U, akwai mai i5-8250U ko 8350U. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake karɓa. In lambar taka da ke bayan i5 da 7 ta fara, ka ce ya sauya maka da mai 8 tukuna, sannan a koma maganar garanti.