Amsoshin Tambayoyinku: Hawan doki bayan dogon hutun sanyi

Wani ya rubuto wai dokinsa ya yi wata uku a turke saboda hunturu, wace allura zai saya ya yi masa don ya fita sukuwa ranar farko? Malam babu ita. Dokin da ya yi wata uku yana ci yana kwanciya jijiyoyin ƙafarsa sun saki, kuma su ne suka fi daɗewa kafin su dawo, numfashi da tsoka sukan riga su. Sati biyun farko tafiya kawai, minti 15 zuwa 20 kullum, sannan ka shigo da sassarfa kaɗan-kaɗan. Kuma in kana ɗura masa hatsi duk tsawon hutun nan ka rage, don doki mai cin hatsi ba aiki, ranar da aka matsa masa tsokar cinyoyinsa na iya ɗaurewa ya tsaya cak yana zufa.

Sai wata baiwar Allah da ta ce tun da dokin ya yi tutsu ya kayar da ita bara gabanta ke faɗuwa, ko ta sayar da shi? 'Yar'uwa sannu, Allah ya ƙara kiyayewa, kar ki yi gaggawar sayarwa. Sanyi da iska da zaman banza suna sa doki mai hankali ma ya yi rawar kai. Kafin ki hau, a sa masa doguwar igiya ya zagaya minti goma ya sauke zumuɗin, ki riƙe ƙarfen linzamin a tafin hannunki har ya yi ɗumi kafin ki sa masa a baki, kuma ranar farko wani ya riƙe miki ragama. Ba abin kunya ba ne wallahi. Hular kwano ta gaske ki saya, in wadda kika faɗi da ita ce a canza ta ko da ba ki ga tsagewa ba.

Na uku shi ne ya taɓa min inda ke min ƙaiƙayi. Wai ya ga sirdi a intanet mai sheƙi da araha, ya saya? Haba ɗan'uwa, sirdin da ba ka ɗora a bayan dokin ba ta yaya ka san nasa ne? Ballantana yanzu da bayansa ya canza, ko ya rame ta sama ko ya yi teɓa, tsohon sirdinka ma sai ka sake dubawa. Ni na taɓa yin wannan kuskuren, fata ce a ido ashe roba ce aka shafa wa mai, sanyi na bugunta ta bushe ta fara tsagewa wajen ramukan majayi, itacen ciki kuma a karkace, kwana biyar sai ga miki ya fito a doron dokina, na yi wata guda ina wanki ina shafa magani ba hawa. Kuɗin likitan dabbobi ya cinye rarar da na ɗauka na samu. Ka ɗora sirdin ba shimfiɗa, yatsu biyu zuwa uku su shige tsakanin gaban sirdin da doron, ka lanƙwasa fatar likkafa ka duba ɗinkin. Mai sayarwa ya hana ka gwadawa, ka kama gabanka. Tsohon sirdi mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba.

Mai tambayar bargo kuma, saya, amma kar ka rufa wa doki bargo mai kauri yana jiƙe da gumi, ka ja shi da ƙafa har ya bushe tukuna. Ka lura da shan ruwansa, a sanyi sukan rage sha sai ciki ya ƙulle, ka ɗan sirka masa da ruwan ɗumi.