Tinariwen da samarin Agadas: abin da na gani daga shagon kaset

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ya yi tambaya daga Kano, ka ce ka ga bidiyon wasu mutane da rawani da jitar lantarki, an rubuta cewa su ne Tinariwen, makaɗan rok na Sahara da suka ci kyautar Grammy. Kana so ka san ko da gaske ƙungiyar makaɗa guda za ta iya sauya samarin zamani ɗaya, ko kuwa zuzutawar 'yan jaridar Turai ce. Na ga wasu sun amsa maka cewa kiɗa kiɗa ne, a ji a wuce. Ni kam ban iya yin shiru ba, domin a cikin abin na tashi.

Ni Bahaushe ne, iyayena mutanen Tawa, amma a Agadas aka yi mini wayo. A 1988 aka damƙa ni hannun kawuna mai gyaran rediyo kusa da kasuwa, ina ɗan shekara goma sha uku. Ban da gyara, muna kwafar kaset da wata rediyo mai baki biyu: ka kawo naka da babu komai a ciki, mu zuba maka Shata ko Ɗan Ƙwairo ko waƙar Indiya ko wa'azi. Aikina ke nan daga safe har la'asar, ina zaune da biro ina nannaɗe zaren kaset don kada batir ya ƙare a banza.

Wata rana wani saurayi Ba'abzine da ya dawo daga Libiya ya shigo, ya jira sai da shagon ya yi sauƙin mutane, sannan ya zaro kaset daga cikin rawaninsa. Babu suna a jiki, babu hoto. Da muka saka, abin da ya fara fitowa huci ne irin na kaset da aka kwafa sau goma, sai ƙarar kofin shayi, wani ya yi tari, sannan jita ta shigo a hankali tana maimaita layi ɗaya kamar tafiyar raƙumi, murya ƙasa-ƙasa tana bi, wasu suna amshi da tafi. Ban ji kalma ko ɗaya ba, don lokacin ban iya harshensu na Tamashek ba. Amma na ga saurayin nan ya jingina da bango ya ja rawani ya rufe ido, bai motsa ba har gefe ɗaya ya ƙare. Ya sa aka yi masa kwafi huɗu. Kafin wata ya cika mun kwafi kaset ɗin nan fiye da duk wani da ke shagon. Sunan Tinariwen ma sai daga baya ya iso mana. Mu kiɗan ishumar muke cewa, ko kawai jita.

Sai ka san su wane ne ishumar kafin ka gane sauran. Farin 1973 da 1974, da wanda ya biyo a 1984, ya kashe dabbobin Abzinawa a Mali da Nijar. Mutumin da darajarsa raƙumi ce ya wayi gari ba ko akuya. Samari suka kwarara Aljeriya da Libiya, gadi, leburanci, ɗaukar kaya, yau aiki gobe kora. Daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi aka samo sunan ishumar, kuma da farko zagi ne. Cikin waɗannan yaran akwai Ibrahim Ag Alhabib, ɗan yankin Kidal a arewacin Mali, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 yana ƙaramin yaro. Jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. A wajen 1979 a Tamanrasat ta kudancin Aljeriya ya haɗu da abokai suka fara kiɗa a bukukuwa. Da Gaddafi ya kira samarin Abzinawa horon soja a 1980, suka tafi, kuma a sansanonin Libiya ne ƙungiyar ta ƙara mutane irin su Abdallah Ag Alhousseyni. Duk wanda ya kawo musu kaset, sai su cika masa kyauta. Kaset ɗin ne ya bi direbobi da fatake ya ratsa hamada har ya faɗo teburin kawuna. Sunan kansa jam'in tenere ne, wato hamada.

Abu na farko da na ga ya sauya shi ne sunan nan na zagi. Yaron da da yake sunkuyar da kai in an ce masa ashamor, wato ɗaya daga cikin ishumar, sai ga shi yana faɗa da bakinsa, yana taƙama. Waƙoƙin suna maganar abin da yake ciki: kewar uwa, ƙishirwa, baƙunta a ƙasar mutane, rijiyar da aka bari. Suna da kalma guda da ta tattara wannan, assuf, kewa mai haɗe da kaɗaici, irin wadda ke kama mutum da dare in wutar shayi ta mutu. Shiga ma ta sauya. Samari suka fara tara suma, suka rage tsawon rawani, wasu suka sauke amawali a gaban manya, abin da a wajen Abzinawa babban rashin kunya ne. Na sha ganin dattijo ya tashi daga tabarma don saurayi ya zauna baki a buɗe.

Amma abin da ya fi girma, a ganina, shi ne wane ne ke da izinin yin waƙa, kuma wa ake yi wa. Kai Bakano ka san yadda abin yake a wajenmu: makaɗi yana da ubangida, yana wasa shi, ana yi masa kyauta, kuma ɗan sarauta ba ya ɗaukar kalangu. Su ma haka. Mata ne ke kaɗa tande, turmin da ake ɗaure wa fata, su ne kuma ke goga imzad, gogensu mai tsirkiya ɗaya. Roƙo da kirari na maƙera ne. Ɗan babban gida bai taɓa waɗannan. Jita ta zo ba ta da gadon kowa, don haka kowa ya ɗauka: ɗan manya, ɗan maƙeri, ɗan wanda kakanninsa bayi ne, duka a tabarma guda. Waƙar kuma ba ta wasa sarki ko attajiri. Kalmar da za ka fi ji a ciki ita ce imidiwan, abokaina. Saurayi ne ke magana da sa'o'insa, yana ce musu ku farka, ku yi karatu, ku daina rarrabuwa. Ni da na saba kwafar waƙoƙin fada, ranar da wani abokina ya fassara mini wannan na daɗe ina juya shi a raina.

Abokin nan shi ne ɓangaren da ke mini nauyi. Tare muke koyon gyara, hannunsa ya fi nawa sauri wajen kama waya da dalma. Bayan kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a garin Cintabaradan na Nijar a watan Mayun 1990, gari ya ɗauki zafi, kaset ɗin jita ya zama abin ɓoyewa. A nan Nijar waƙoƙin Abdallah Oumbadougou ma sun yi ƙarfi ƙwarai, ba na Tinariwen kaɗai ba. Mukan rubuta sunan wani mawaƙi dabam a jikin kaset, mu sa waƙa biyu ta Hausa a farko, don in an tsayar da mota a hanya aka gwada, a ji abin da aka saba. Kawuna daga baya ya hana kwafar gaba ɗaya, ya ce yana da iyali. Abokina bai daina ji ba. A 1992 ya ajiye kayan aikinsa a ƙarƙashin tebur, ya ce zai je ganin mahaifiyarsa a cikin duwatsun Abzin. Bai dawo ba har yau. Allah ya jiƙansa.

Saboda haka in wani ya ce maka waƙoƙin nan zaman lafiya kawai suka koyar, bai faɗa maka duka ba. Na farkon akwai kiran tashi a cikinsu, wasu daga cikin makaɗan da kansu sun riƙe bindiga a tawayen Mali na 1990. Ban ce waƙa ce ta kai abokina dutse ba, ruwa ba ya tsami banza, akwai fari da talauci da jinin da aka zubar. Amma waƙar ta ba fushinsa kalmomi, ta kuma sa tafiyar ta yi masa kyau a ido. Wannan ina riƙe da shi, ko da yake ina son kiɗan har gobe.

Abin da ya sa nake girmama su shi ne abin da suka yi bayan nan. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Tamanrasat a Janairun 1991, suka ajiye makamai suka koma ga jita ita kaɗai, kuma samari sun gani. A Nijar aka yi sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da aka mayar ranar hutu. Kusan dare ɗaya jita ta fito daga ɗaka ta shiga fili. Jam'iyyun siyasa suka fara ɗaukar makaɗa yaƙin neman zaɓe, sannan biki ya karɓe ta. Yau a Agadas da wuya a yi aure ba a kira 'yan jita ba, ko gidan Hausawa ne. Za ka ga an shimfiɗa tabarmi a lungu, an tada janareto, an ɗora lasifika kan kujera, mata sun yi layi da lulluɓi, maza suna fitowa bibbiyu suna taka rawa ana liƙi. Kiɗan ma ya ƙara sauri, aka sa ganguna irin na Turawa, ya bar tafiyar raƙumin nan ya koma gudun Toyota a kan rairayi. Ƙungiyar Etran de L'Aïr a irin waɗannan bukukuwa ta tashi tun 1995. Yaran da ba su da raƙumi, ba su da takardar makaranta, suka sami sana'ar da ake ci da iyali. Ni ma abincina ya koma can, don rabin aikina yanzu gyaran lasifika ne da jitar da yashi ya shiga.

Yaran da suka tashi da kaset ɗin nan su ne manyan yau. Bombino, haifaffen 1980, gudun hijirar 1990 ne ya kai shi Aljeriya inda ya fara taɓa jita. Da tawaye ya sake tashi a 2007 aka hana jita a yankin, aka kashe biyu daga cikin makaɗansa, ya tsere Burkina Faso. A farkon 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, ina cikin taron, na ga tsofaffin da suka taɓa tsine wa jita suna tsaye a gefe suna kallo. Shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy. Mdou Moctar kuwa labarinsa ya shafe ku kai tsaye. Gidansu na malamai ne, ba a son kiɗa, shi ma da wayar keke ya haɗa jitarsa ta farko bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou. Waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke su a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Lokacin kaset ya mutu, mun koma zuba waƙa a memori, yara suna tura wa juna ta Bluetooth a fada wajen shan shayi. Ta haka waƙoƙin suka bazu har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa ya ji su a wayoyin mutane ya zo nemansa.

Batun ko rok ne, i, akwai jininsa a ciki. Su Ibrahim sun saurari Jimi Hendrix da Santana da Dire Straits a kaset, kamar yadda suka saurari mawaƙan Aljeriya da Maroko. Amma ƙashin bayan kiɗan tande ne, in ka saurari tafin da amshin za ka ji turmin yana nan. Turawa sun makara ƙwarai. Sai a 2001, bayan bikin kiɗan hamada na farko a Tin Essako ta Mali da faifan da suka ɗauka a gidan rediyon Kidal, duniya ta fara jin su. Suka yi wasa kafin Rolling Stones a 2007, suka hau dandalin buɗe gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2010, Grammy ta zo a 2012. A shekarar nan ce kuma masu bindiga da suka kama arewacin Mali suka haramta kiɗa, har ya zama faifansu na gaba a Amurka suka ɗauke shi. Ranar da labarin Grammy ya zo an yi murna a gari, amma aikin da suka yi a kan samari sun gama shi shekara ashirin kafin nan, lokacin da ko hotonsu ba mu taɓa gani ba.

Akwai abin da aka rasa, kuma yana damuna. Matan da suka iya imzad sun ragu sosai, yarinya ba ta ga dalilin zama gaban tsohuwa shekaru tana koyo ba alhali jita ce ake kira biki. Malamai da iyaye da yawa har yanzu ba su yarda da ita ba, kuma in ka ga yadda wasu bukukuwan ke kaiwa tsakar dare da cakuɗuwa, ba za ka ce ba su da hujja ba. Wasu yaran kuma sun ɗauka kowa zai zama Bombino, suka bar makaranta, ga shi masu fita waje ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A ɗaya gefen, jitar da maza suka riƙe shekara talatin yanzu ta shiga hannun mata: Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar yayanta ta koya a ɓoye, ta haɗa ta da tande, ta kai ta har Turai.

Makon jiya wani yaro ya kawo mini ƙaramar lasifika da ta ƙone, bai fi shekara goma sha shida ba, Bahaushe ne ɗan unguwarmu. Yana jira ina gyara, sai ya ɗauki wata jita da aka bari a shagon ya fara kaɗa layin nan na kaset ɗin 1988, yana rera shi da Tamashek tsaf. Na tambaye shi ko ya san mai waƙar, ya ce a wajen biki ya koya, ta gargajiya ce. Na ajiye dalma na zaunar da shi na ba shi labarin Ibrahim da gwangwaninsa, da na abokina. Ƙanena, in Allah ya kawo ka Agadas, ka daidaita zuwanka da bayan Sallah lokacin da aure ke yawa, ka yi mini magana ta akwatin saƙo, zan kai ka ka ji da kunnenka.