Malamina ya riƙe min memuwar

Tambaya: Salam Anti, ɗaliba ce ni a Yamai ina master 2, malamin da ke duba memuwar ɗina (kundin binciken kammala karatu) ya ƙi sa hannu in yi sutnans (kare kundin gaban malamai), kullum sai ya ce in same shi gida da dare ko in kawo jika 50. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata kar ki je, ko dala kar ki ba shi, aikinshi ne albashi yake ci. Adana saƙonnin WhatsApp ɗinshi, ki rubuta wa shugaban sashe a canza miki malami, ki riƙe kwafi, in ya yi shiru ki wuce wurin doyen (shugaban tsangaya). CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, ita ce ke ƙara wa malaman jami'a girma kuma tana da dokar ɗa'a, a 2019 har furofesoshi ta hukunta, shi ya sa suke tsoron rubutaccen koke wallahi.